Yadda Na'urorin Mota Suke Zance da Junansu

 

Duk wanda ya san Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ya san cewa al'amarin lantarkinta a fili yake: kowace fitila da wayarta, kowane makunni da abin da yake kunnawa, har ma mutum mai haƙuri yana iya kama waya tun daga kan batir, ya bi ta da yatsa sannu a hankali har ya iske inda ta tsinke, ya ɗaure, ya naɗe da salatif, mai mota ya biya ya kama gabansa. Wannan ilmi ya riƙe gidaje masu yawa, ya aurar da 'ya'ya, ya kai mutane Makka, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Amma motocin da ke shigo mana yanzu ta Kwatano da Ikko, da waɗanda ake saye sababbi, wayoyin da ke cikinsu iri biyu ne, akwai masu ɗauke da wuta, akwai kuma masu ɗauke da labari. Kuma wanda ya yi wa wayar labari irin hukuncin da ya saba yi wa wayar wuta, lalle zai yi ɓarna alhali gyara ya nufa. Wayar labarin nan, da irin tartibin da na'urori ke bi wajen zance a cikinta, ita ce muke so mu yi bayani a kai.

Asalin al'amarin shi ne, tun daga ƙarshen shekarun 1960 masu ƙera motoci suka fara miƙa wa lantarki ayyukan da a da ƙarfe da roba ke yi. A shekarar 1967 kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fito da na'urar da ke auna wa inji mai da lissafin lantarki maimakon kafireto, aka fara sa ta a motar Volkswagen. A 1978 kuma birkin nan da ba ya barin taya ta ƙame tana jan ƙasa, wanda ake kira ABS, ya fito a motocin alfarma na Mercedes-Benz. Da dokokin rage hayaƙi suka tsananta a Amurka da Turai, sai ya zama babu makawa kowace mota ta sami ƙaramar kwamfuta mai kula da inji, wadda makanikanmu ke ce wa birenbos, sannan giya ta sami tata, birki ya sami tasa, ƙofofi da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki su ma haka, har ya zamana a yau motar alfarma tana iya ɗaukar irin waɗannan kwamfutoci saba'in ko fiye. To, a nan gizo ke saƙa, domin babu ɗaya daga cikinsu da ke wadatuwa da kanta. Ta giya ba za ta san lokacin canji ba sai ta ji yadda inji ke juyawa da gwargwadon yadda direba ya taka totur; ta inji kuwa tana bukatar ta san cewa giya na shirin shiga, domin ta sassauta ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido kada motar ta zabura. In aka ce kowace sai an ja mata waya ta musamman zuwa ga kowace 'yar'uwarta, to kwamfuta biyar za su ci layi 10, goma za su ci 45, hamsin kuwa 1,225, ga nauyin tagulla, ga tsada, ga kuma mahaɗai birjik, waɗanda kowace ɗaya daga cikinsu ƙofa ce ta tsatsa da lalacewa.

Wannan larura ce ta sa a shekarar 1983 wasu injiniyoyin Bosch, ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Uwe Kiencke, suka zauna neman hanyar da dukkan kwamfutocin mota za su yi tarayya a kan layi guda. A watan Fabrairu na 1986 suka gabatar da abin da suka ƙirƙiro a babban taron injiniyoyin mota da aka yi a birnin Ditiroyit na Amurka, da sunan CAN. Shekara guda bayan haka kamfanin Intel ya fito da ƙwayar lantarki ta farko mai iya wannan aiki, a 1991 babbar Marsandin nan samfurin W140 ta fito kasuwa da tsarin a cikinta, a 1993 kuma hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta tabbatar da shi ya zama ƙa'ida, mai lamba ISO 11898. Shekara arba'in ke nan ko kusa, kuma har yau da wuya ka buɗe motar zamani, ko ta Japan ce ko ta Koriya ko ta Jamus, ba ka iske shi a ciki ba.

Hikimar da ke cikinsa, a ganina, ta cancanci a tsaya a dube ta da natsuwa. Ku ƙaddara majalisar dattawa a zaure. Mai magana ba ya jan mutum gefe ya raɗa masa a kunne. Yakan ɗaga murya ne kowa ya ji, wanda zancen ya shafa ya ɗauka, wanda bai shafa ba ya bar shi ya wuce, in kuma mutum biyu suka buɗe baki tare, sai ɗaya ya haɗiye tasa ya saurara har ɗayan ya dire. Haka kwamfutocin mota suke a kan wayoyi biyu da suka ratsa ta gabansu duka, sai dai su ba su da shugaban da ke ba da izinin magana, kuma fifiko a wurinsu yana bin nauyin zancen ne, ko da wa ya faɗe shi. Saƙon CAN ba ya ɗauke da sunan wanda aka aika wa. Abin da yake ɗauke da shi a goshinsa lamba ce da ke nuna ko labarin mene ne: wannan labarin gudun tayoyi ne, wancan na zafin ruwan inji, wancan kuma na cewa an buɗe ƙofar direba. Kowace kwamfuta an riga an karantar da ita lambobin da suka shafe ta, sauran kuwa tana ji tana ƙyalewa.

Bari mu ɗauki labari guda mu bi shi mu ga inda yake zuwa. A jikin kowace taya akwai ɗan sensa da ke ƙirga juyawarta, yana kai wa kwamfutar birki. Ita kuwa, bayan ta yi amfani da shi wajen aikinta, sai ta shelanta shi a kan layi, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ba tare da ta damu da mai saurare ba. A motoci da yawa, daga wannan shela guda ce malejin da ke gaban direba yake sanin inda zai tsai da allurarsa, giya take sanin lokacin hawa da sauka, sitiyarin lantarki yake sanin ko ya yi laushi domin ana fakin ko ya yi ƙarfi domin ana gudu a kan babbar hanya, ƙofofi suke kulle kansu da zarar mota ta ɗan tashi, har ma rediyo ya ƙara murya domin ya rinjayi ƙarar iska. Ku duba fa abin da wannan ke nufi ga mai gyara. Idan kwamfutar birki ta yi shiru, ko da kuwa fiyus ne kawai ya ƙone mata, mai mota zai zo yana kukan maleji ya mutu, giya tana fizga, sitiyari ya yi nauyi, fitilun gargaɗi sun cika masa allo. Wanda bai san tsarin ba sai ya ga cuta huɗu, ya fara lissafin sauke giyabos, alhali cutar guda ce, kuma ba ta cikin ko ɗaya daga wuraren da ake jin ciwon.

Sai mas'alar da ta fi kowace ba ni sha'awa, wato yadda ake raba gardama in biyu suka fara magana a lokaci ɗaya. Kun san dai kwamfuta ba ta da haruffa sai biyu, sifiri da ɗaya, kowane guda daga cikinsu shi masana ke kira bit. Lambar da ke goshin saƙo bit 11 ce, abin da ya ba da lambobi 2,048, akwai kuma doguwa mai bit 29 wadda manyan motoci irin su tirela suka fi amfani da ita. An gina wayoyin ta yadda sifiri ke rinjayar ɗaya: in wata kwamfuta ta aika sifiri, wata kuma ta aika ɗaya a daidai wannan lokaci, abin da zai bayyana a kan layi sifiri ne. Sharaɗi na biyu shi ne, kowace mai magana wajibi ne ta riƙa sauraron layi yayin da take maganar. To, a ƙaddara saƙon birki ya fara da sifiri, sifiri, sifiri, shi kuwa saƙon zafin ruwa ya fara da sifiri, sifiri, ɗaya, kuma sun tashi tare. A bit na farko da na biyu babu saɓani, kowa yana jin abin da ya faɗa. A na uku sai mai labarin ruwa ta aika ɗaya amma ta ji sifiri, nan take ta gane akwai wanda zancensa ya fi nata gaggawa, sai ta yi shiru ta koma mai sauraro. Ita kuwa ta birki ba ta ma san an yi takara da ita ba, saƙonta ya wuce cif, ko bit guda bai gurɓace ba, ko ƙiftawa ba a yi hasara ba. Da ta dire, sai waccan ta sake gwadawa. Saboda haka mafi ƙanƙantar lamba ita ce mafi girman daraja, kuma injiniyoyi tun a teburin zane suke raba lambobin, su ba abin da ya shafi rai ƙananan lambobi, abin da zai iya jira kuma su ba shi manya.

Kada jiran ya tayar wa kowa da hankali. Saƙo guda bai wuce bayit 8 na labari ba, wato bit 64, in aka haɗa da goshinsa da wutsiyarsa ya kai ɗari da 'yan kai. Layin inji da birki kuwa galibi yana tafiya ne da bit 500,000 a daƙiƙa, don haka saƙo cikakke yana wucewa a cikin kimanin rubu'in kashi ɗaya daga dubu na daƙiƙa, kuma layi guda yana iya ɗaukar saƙo wajen dubu huɗu kafin daƙiƙa ta cika.

Yanzu mu koma ga wayoyin kansu. In ka feɗe damin wayoyin motar zamani, za ka ga wasu sirara guda biyu a murɗe da juna tun daga farko har ƙarshe, kuma wannan murɗi da gangan aka yi shi. Lokacin da layi ke hutawa, ko ana aika ɗaya, dukkansu suna zaune a kan bolt 2.5, in za a aika sifiri, sai guda ta hau zuwa wajen 3.5, ɗayar ta sauka zuwa wajen 1.5. Mai karɓa ba ya auna kowace ita kaɗai, tazarar da ke tsakaninsu yake dubawa: in babu tazara, ɗaya ke nan, in akwai ta bolt biyu, sifiri ke nan. Dalilin rinjayen sifiri ma ke nan, domin aika sifiri jan wayoyin ne da ƙarfi, aika ɗaya kuwa sakinsu ne kawai, kuma in guda ta ja, sakin sauran ba ya hana su jawuwa. Fa'idar wannan tsari tana bayyana ne in aka tuna irin mugun wurin da cikin mota yake ga siririn labari: kwayil yana harba dubban bolt zuwa ga fulogi, altaneta tana juyi, kik yana zuƙar wuta, kowannensu yana watsa hargitsin lantarki a kewayensa. Tun da wayoyin a murɗe suke, hargitsin yana bugunsu daidai wa daida, ya ɗaga su tare ko ya sauke su tare, tazarar tsakaninsu kuwa tana nan yadda take. Wanda ya warware murɗin mai tsawo, ko ya yanke guda ya yi mata ƙari da doguwar waya ya zagaya da ita ta wani wuri, ya rushe wannan kariya ke nan, kuma motar tana iya tafiya lafiya yau, gobe ta riƙa yin abin da za a ce aljanu ne.

Su masu tsarin ba su ɗauka cewa kuskure ba zai auku ba, sai suka yi masa tanadi hawa-hawa. A wutsiyar kowane saƙo akwai bit 15 na tantancewa, waɗanda mai aikawa ya lissafo daga abin da ke cikin saƙon. Kowane mai karɓa zai sake lissafin da kansa, in bai yi daidai ba ya san an sami tahrifi a hanya. Bayan wannan akwai gurbi guda na shaida, wanda mai aikawa yake bari a sake, duk wanda ya ji saƙon sahihi sai ya cike gurbin da sifiri, da haka mai magana ke sanin ba shi kaɗai yake ba. Akwai kuma ƙa'idar cewa ba a jera bit iri ɗaya fiye da biyar a jikin saƙo, in an kai biyar sai a tsarma kishiyarsu guda, domin agogon masu sauraro kada ya ɓata lissafi. Wanda ya fara ganin kuskure kuwa, sai ya karya wannan ƙa'ida da gangan, ya jera sifiri shida, kowa ya ji ya zubar da saƙon, mai shi ya maimaita.

Abin da ya fi burge ni a wannan babi shi ne, kowace kwamfuta tana yi wa kanta hisabi. In ta aika saƙo ya ɓaci, sai ta rubuta wa kanta laifi takwas. In ta aika ya isa lafiya, sai ta goge guda ɗaya tak. Idan lissafin ya haura 127, sai ta daina katse wa wasu magana ko da ta ga kamar sun yi kuskure, domin ta yiwu kunnenta ne ya lalace. Idan ya haura 255, sai ta cire kanta daga layin gaba ɗaya, don kada larurarta ta zama fitina ga sauran. Mutanen da suka zauna suka tsara wannan tun a shekarun 1980 sun yi tunani mai zurfi ƙwarai, kuma rayuka masu yawa suna tafiya a kan wannan tunani kullum ba tare da sun sani ba.

Ba CAN kaɗai ke cikin mota ba. Ƙananan ayyuka irin su ɗaga gilashi, da juya madubi, da matsar da kujera, ba su cancanci tsadarsa ba, sai aka yi musu wani mai arha a ƙarshen shekarun 1990, mai suna LIN, waya guda, gudunsa bai wuce bit 20,000 a daƙiƙa ba, kuma shi yana da shugaba guda da ke tambaya, mabiya har goma sha biyar suna amsawa. Akwai FlexRay mai bit miliyan 10, wanda ya fara fitowa a BMW X5 a 2006, shi kuwa kowa an yanka masa lokacinsa na magana da ba ya saɓawa. Akwai MOST mai aika sauti da hoto da haske ta cikin zaren roba. A 2012 Bosch ya faɗaɗa CAN ɗin kansa, ya fito da CAN FD mai ɗaukar bayit 64 a saƙo guda. Da kyamarori suka yawaita a jikin mota kuwa, sai aka shigo da Ethernet, irin na kwamfutocin ofis, aka gyara shi ya bi ta wayoyi biyu kacal da bit miliyan 100 a daƙiƙa, daga baya har miliyan dubu. Tsakanin waɗannan layuka duka akwai wata kwamfuta mai tsaron ƙofa, wadda ke ɗauko saƙon da ya kamata daga wannan layi ta sauke shi a wancan, ta tare wanda bai kamata ba.

Tsarin yana da rauni guda babba. Malamanmu na hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, wa ya faɗa, daga wa ya ji. Saƙon CAN kuwa, a yadda aka tsara shi tun asali, matani ne tsura babu isnadi. Duk abin da ya hau layi da lambar da ta dace, gaskata shi ake yi. A zamanin da aka ƙirƙiro shi wannan bai zama aibi ba, domin mota rufaffiya ce, babu mai kai wa ga wayoyinta sai wanda ya shiga cikinta. Amma da motoci suka fara haɗuwa da intanet, sai ƙofa ta buɗe. A shekarar 2015 wasu masu bincike biyu a Amurka, Charlie Miller da Chris Valasek, suka nuna wa duniya haka: suna zaune a gida da kwamfutarsu, suka shiga wata mota Jeep Cherokee ta hanyar rediyonta mai haɗe da layin salula, daga nan suka tsallaka zuwa layin CAN, suka katse mata ƙarfin tafiya tana kan babbar hanya da wani ɗan jarida a ciki wanda ya yarda a yi gwajin da shi. Kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 1.4 domin a toshe kafar. A 'yan shekarun nan kuma an kama dabarar wasu ɓarayi a Ingila, waɗanda ke ɓamɓare gefen bamba su kai ga wayoyin fitilar gaba, su cusa saƙon ƙarya mai cewa an ga mabuɗi na gaskiya, ƙofa ta buɗe, inji ya tashi. Saboda irin wannan ne sababbin motoci suka fara sa wa muhimman saƙonni hatimin sirri, suna kuma tsaurara tsaron ƙofar da ke tsakanin layuka.

To, jama'a, mu sauko gareji. A ƙarƙashin sitiyarin motarka, wajen gwiwar direba, akwai wani soket mai rami 16, wanda doka ta wajabta a kan motocin Amurka tun 1996, da na Turai masu shan fetur tun 2001, kuma daga 2008 duk motar da aka sayar a Amurka da harshen CAN take amsa tambaya ta wannan soket. Nan ake soka na'urar gwaji, wadda ake ce wa sikana. Lambobin da take fitarwa suna farawa da harafi: P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na birki da sitiyari da ƙafafu, U kuwa na sadarwa ne, wato zancenmu na yau. In ka ga U0100, ma'anarsa an daina jin kwamfutar inji. In ka ga U0121, an daina jin ta birki. Ina roƙon 'yan'uwana masu gyara su riƙe wannan da kyau: lambar tana ba da shaidar wanda ba a ji muryarsa ba ne kawai, ba ta yanke hukuncin cewa ya mutu ba. Ta yiwu wuta ce ba ta kai masa, ta yiwu wayar da ke haɗa shi da jikin mota ce ta yi tsatsa, ta yiwu ruwa ne ya kwanta a soket ɗinsa tun ranar da aka wanke inji da matsattsen ruwa, ta yiwu ma batir ne ya yi sanyi har kwamfutoci suka riƙa suma lokacin tayarwa. Mutum nawa aka tura kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka neman birenbos mai tsada, aka kawo aka ɗaura, cuta tana nan, ga kuma sabuwar wahala, domin a motoci da yawa kwamfutar inji ba ta yarda ta yi aiki sai an daidaita ta da mabuɗin motar?

Ga wani gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar komai sai 'yar mitar nan ta awon lantarki da ke cikin akwatin kowane mai rewaya. A kowane ƙarshe na layin CAN an sa resisto mai om 120, domin ya shanye saƙo in ya kai bango, kada ya yi amsa-kuwa ya dawo ya rikita na bayansa. Kashe mota, zare mabuɗi, cire kan batir, ka juya mita zuwa awon om, ka sa tsinke guda a rami na 6, ɗayan a rami na 14, a hankali, kada ka buɗa bakin ramin. Tun da resisto biyu ne a gefe da gefe, lafiyayyen layi zai nuna maka wajen 60. In ka ga 120, to guda ya ɓace maka, ko dai waya ta tsinke a tsakani, ko an zare kwamfutar da yake cikinta. In ka ga abin da ya kusa sifiri, wayoyin biyu sun haɗe, sai ka nemi inda ƙarfe ya goge su ko ɓera ya ci. Sai dai a wasu sababbin motoci soket ɗin yana tsayawa ne a wurin mai tsaron ƙofa, ba ya kai wa ga layukan ciki, a nan dole a nemi zanen wayoyin wannan mota a auna daga inda ya dace. Zanen nan kuwa, ina ganin lokaci ya yi da kowane maigida zai sa yaransa su koyi karanta shi kamar yadda suke koyon riƙe sifana, tun da yawancinsu sun yi makaranta, kuma wayar salular da ke aljihunsu tana iya nuna musu shi.

Akwai al'adu da muka gada daga zamanin kafireto waɗanda barinsu ya zama wajibi. Cire kan batir inji yana aiki, wai don a ga ko altaneta tana caji, yana iya sakin tsallen wuta da zai ƙone kwamfuta fiye da guda a lokaci ɗaya, alhali mita za ta ba da amsar a cikin daƙiƙa biyar. Huda waya da fitilar gwaji, ko taɓa mata wutar batir don a ga abin da zai motsa, ganganci ne a kan layin da aikinsa bai kai bolt huɗu ba. Haka nan yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. Masu ɗaura na'urar bin sawun mota, da ƙararrawar ɓarayi, da manyan rediyoyin nan masu allo, su ma su yi hattara da wayoyin da suke feɗewa, domin kwamfutocin mota sukan yi barci bayan an kashe ta da ɗan lokaci, kuma baƙuwar na'ura da ke motsi a kan layi tana iya hana su barcin, a wayi gari batir ya ƙare, a sayi sabo, shi ma ya ƙare. Mai sayen mota 'yar Kwatano kuma ya ɗaga kafet ya duba ƙarƙashin kujeru, domin a motoci da dama akwai kwamfutoci da mahaɗan wayoyi a wurin. In ya ga busasshiyar laka, ko koriyar tsatsa a bakin soket, to ruwa ya taɓa cin motar, kuma tsatsar za ta ci gaba da cin tagulla a hankali ko da motar tana tashi lafiya a ranar ciniki.